Daga Zealous Zuwa Eilat: Jirgin Da Nasarar Jiya Ta Ruɗa

Duk ranar 21 ga watan Oktoba, ƙasar Masar kan yi bikin Ranar Sojojin Ruwa. Abin da ake tunawa shi ne wani yammacin Asabar na shekarar 1967, lokacin da wasu ƙananan jiragen ruwa biyu masu jikin katako suka nutsar da Eilat, ɗaya daga cikin manyan jiragen yaƙin Isra'ila, daura da tashar ruwa ta Bur Sa'id. Wannan ne karo na farko a tarihin yaƙi da aka harba makami mai linzami daga kan jirgin ruwa ya nutsar da jirgin abokan gaba. Watanni huɗu kacal ke nan bayan mummunan kayen da Larabawa suka sha a Yaƙin Kwana Shida, saboda haka ba abin mamaki ba ne Misirawa suka riƙe ranar da hannu biyu.

Na san da yawa daga cikin masu bibiyar wannan fili za su so a tsaya a nan a yi wa Masar jinjina. Ni kuwa na zaɓi in bi tarihin jirgin tun daga inda aka ƙera shi, in kuma bi abin da ya biyo bayan nutsewarsa. Shekaru 23 da ya yi yana aiki, da shekaru shida da suka biyo baya, suna nuna abu guda: runduna kan farka ne a inda aka doke ta, ta yi barci a inda ta yi nasara. Wannan ka'ida ta ci Isra'ila a 1967, ta kuma ci Masar a kan ruwa a 1973.

Bari mu fara da irin jirgin. Eilat na cikin nau'in da ake kira distiroya, wato mai ragargazawa. A ƙarshen ƙarni na 19, manyan jiragen yaƙi na ƙasashen Turai sun shiga uku da wasu ƙananan jirage masu gudu da ke ɗauke da topido, wani bam mai tafiya da kansa a ƙarƙashin ruwa. Ƙaramin jirgi mai araha kan iya lallaɓowa cikin dare ya huda cikin babban jirgin da aka kashe dukiya mai yawa a kansa. Maganin da Birtaniya ta samo shi ne ta ƙera wani matsakaicin jirgi mai tsananin gudu da bindigogi masu saurin harbi, wanda zai riƙa tare ƙananan tun kafin su matso. Na farkonsu a rundunar Birtaniya, Havock, an saka shi a ruwa a 1893. Mai karatu ya riƙe wannan batu: asalin aikin distiroya shi ne farautar ƙananan jirage.

Jirgin da muke magana a kai an ƙera shi ne a ma'aikatar Cammell Laird da ke garin Birkenhead na Ingila, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. An saka shi a ruwa a watan Fabrairun 1944, ya fara aiki a watan Oktoban wannan shekara da sunan Zealous. Su takwas ne aka ƙera iri ɗaya. Tsawonsa ya kai mita 110, nauyinsa ya haura tan 1,700, yana iya gudun kusan kilomita 67 cikin sa'a guda. Yana ɗauke da manyan bindigogi huɗu da bututun harba topido takwas, ga kuma bindigogin kakkaɓo jiragen sama. A ma'aunin 1944, jirgi ne na zamani da babu abin kushewa a jikinsa.

Aikinsa na farko shi ne rakiyar ayarin jiragen dakon kaya da ke kai wa Tarayyar Sobiyet makamai da abinci ta tekun arewacin duniya zuwa tashar Murmansk. Hanya ce mai azaba: sanyin da ke daskarar da ruwa a jikin bindiga, duhun da ke kusan cinye yini a lokacin hunturu, ga jiragen Jamus masu nutso a ƙarƙashi, ga jiragen samansu a bisa. A nan ne Zealous ya yi aikin da ya fi kowane daraja a rayuwarsa. Da sojojin Jamus ke janyewa daga arewacin Norway a ƙarshen 1944, sun ƙone garuruwa sun tilasta wa jama'a ƙaura. Wasu mazauna tsibirin Soroya suka ƙi tafiya, suka ɓuya cikin kogunan dutse, suka yi watanni cikin yunwa da sanyi. A watan Fabrairun 1945, Zealous da 'yan'uwansa biyu, Zambesi da Zest, tare da wani jirgin Kanada mai suna Sioux, suka kutsa gaɓar da ke hannun Jamus suka kwashe mutane kimanin 500, akasarinsu mata da yara da tsofaffi, suka kai su tudun mun tsira.

Da yaƙi ya ƙare, Birtaniya ta wayi gari da jirage fiye da buƙatarta, ga aljihu ya bushe. Zealous ya shafe mafi yawan shekarun da suka biyo baya a ɗaure a tasha cikin jiragen ajiya. A 1955 aka sayar da shi ga Isra'ila tare da ɗan'uwansa Zodiac. Zealous ya koma Eilat, Zodiac ya koma Yaffo. Abin lura shi ne, a wannan shekarar dai Birtaniya ta sayar wa Masar wasu biyu daga cikin takwas ɗin: Myngs ya koma Al-Ƙahir, Zenith ya koma Al-Fatih. Jirage huɗu 'yan gida ɗaya, biyu ga wannan maƙwabci, biyu ga wancan, alhali mai sayarwar ya san a tsakaninsu babu ga maciji. Dillalin makamai bai yi ɓatan kai ba. Ya rabu da kayan da zamaninsu ke shirin wucewa, ya karɓi kuɗinsa daga ɓangarorin biyu.

Ba a daɗe ba aka gwada hajar. A watan Yulin 1956 Shugaba Jamal Abdul Nasir ya mayar da mashigin ruwan Suwez mallakin Masar, kuma a ƙarshen Oktoba Isra'ila da Birtaniya da Faransa suka far wa ƙasar. Da asubahin 31 ga Oktoba, wani jirgin yaƙin Masar mai suna Ibrahim al-Awwal ya matso ya yi wa tashar Haifa ruwan harsasai. Wani jirgin Faransa mai suna Kersaint da ke wurin ya mayar masa da wuta, sannan Eilat da Yaffo suka bi shi. Jiragen saman Isra'ila suka lalata masa inji, ya tsaya cik, mutanensa suka miƙa wuya. Aka jawo shi zuwa tasha, aka gyara shi, aka saka shi cikin rundunar Isra'ila da sunan Haifa. Shi ma wannan jirgi tsohon na Birtaniya ne: asalin sunansa Mendip, ya yi wa Sin aiki na ɗan lokaci kafin ya zo hannun Masar. Ya ɗaga tutoci huɗu a rayuwarsa.

Nasara ta biyu ta zo wa Eilat ne bayan Yaƙin Kwana Shida na watan Yunin 1967, wanda ya bar yankin Sinai a hannun Isra'ila. Aka ɗora masa aikin sintiri a gaɓar arewacin Sinai har zuwa kusa da Bur Sa'id. A daren 11 ga Yuli, shi da wasu ƙananan jirage biyu na Isra'ila suka yi arangama da jiragen topido biyu na Masar daura da gaɓar Rumani, suka nutsar da su duka. Distiroya ya yi aikin da aka ƙirƙire shi dominsa tun 1893, ya kuma yi shi ba tare da asarar rai ko guda a ɓangarensa ba. Darasin da aka ɗauka daga wannan dare shi ne, ƙananan jiragen Masar ba abin tsoro ba ne. Sintiri ya ci gaba a kan hanyar da aka saba, a gaban idon na'urorin rada na Bur Sa'id.

Amma ƙananan jiragen ba duka ne iri ɗaya ba. Tun farkon shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta bai wa Masar wasu jirage da ake kira Komar, kalmar da ke nufin sauro a harshen Rashanci. Tsawon kowanne kimanin mita 25 ne, jikinsa katako ne, mutanen cikinsa ba su kai 20 ba. Sai dai kowanne na ɗauke da makamai masu linzami biyu samfurin P-15, waɗanda ƙasashen Yamma ke kira Styx. Wannan makami na iya tafiyar kimanin kilomita 40 da gudun da ya kusa na sauti, yana ɗauke da abin fashewa mai nauyin kusan rabin tan, kuma a goshinsa akwai na'urar rada da ke nemo masa jirgin da aka aike shi gare shi. Jirgin topido sai ya matso kusa kafin ya yi harbi, a nan ne bindigogin distiroya ke cin ƙarfinsa. Komar kuwa ba ya buƙatar matsowa. Isra'ila ta san Masar na da waɗannan makamai. Abin da ba ta yi ba shi ne ta sauya ɗabi'arta saboda su.

Da misalin ƙarfe biyar da rabi na yammacin 21 ga Oktoba, Eilat na tazarar kimanin kilomita 25 daga Bur Sa'id. Masar ta ce ya shigo ruwanta, Isra'ila ta ce yana ruwan ƙasa da ƙasa. Daga bakin tashar aka harbo makami na farko. Kyaftin ɗin jirgin, Yitzhak Shoshan, ya ba da umarnin a ƙara gudu a kauce, masu bindiga suka buɗe wuta, amma bindigogin da aka yi domin jiragen saman 1944 ba su iya tare shi ba. Ya faɗa tsakiyar jirgin, na biyu ya biyo baya cikin 'yan mintoci. Inji ya mutu, na'urorin sadarwa suka lalace, wuta ta kama. Mutanen jirgin suka yi fiye da sa'a guda suna fama da gobara da masu rauni. Sai aka harbo na uku ya sami bayan jirgin, kayan yaƙin da ke ciki suka fara fashewa, aka ba da umarnin kowa ya faɗa ruwa. Na huɗu ya fashe a kusa da waɗanda ke iyo. Cikin mutum 199 da ke cikinsa, 47 suka mutu, fiye da 90 suka jikkata. Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Jirgin da aka ƙirƙiro domin farautar ƙananan jirage, ƙananan jirage ne suka kashe shi ba tare da ya ko gan su ba.

Murnar Masar ta zo da tsada. Bayan kwana uku, ranar 24 ga Oktoba, Isra'ila ta yi luguden wuta a kan matatun mai na birnin Suwez, suka kwana suna ci. Washegari Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 240 yana yin tir da karya yarjejeniyar tsagaita wuta. A watannin da suka biyo baya, dubban ɗaruruwan fararen hula suka bar garuruwan bakin mashigin. A watan Mayun 1970 kuma jiragen saman Isra'ila suka nutsar da Al-Ƙahir, ɗan'uwan Eilat da ke hannun Masar, a tashar Baranis ta Bahar Maliya. Biyu daga cikin jirage huɗun da Birtaniya ta sayar a 1955 sun nutse a hannun abokan gaba, ɗaya a kowane ɓangare.

Labarin Eilat ya girgiza rundunonin ruwa na duniya. Amurka ta hanzarta aikin ƙera nata makamin na nutsar da jirage, Harpoon. Wasu kuwa ba su shafa wa gemunsu ruwa a kan lokaci ba. A daren 4 ga Disamban 1971, ƙananan jiragen Indiya masu ɗauke da irin wannan makami na Sobiyet suka kai hari daura da Karachi, suka nutsar da Khaibar na Pakistan, shi ma tsohon distiroya na Birtaniya, mutane fiye da 200 suka halaka. Har yau Indiya na bikin Ranar Sojojin Ruwa a wannan rana. Ita kanta Birtaniya ta ɗanɗana: ranar 4 ga Mayun 1982, a yaƙin tsibiran Falkland, wani makamin Exocet da jirgin saman Ajantina ya harba ya sami distiroyanta Sheffield, mutum 20 suka mutu, jirgin ya nutse bayan 'yan kwanaki.

Wadda ta fi kowa ɗaukar darasin ita ce wadda aka doka. Tun kafin 1967 wasu hafsoshin ruwan Isra'ila sun fara shirin barin manyan jirage su koma ga ƙanana masu gudu, har an ba da kwangilar ƙera su a Cherbourg na Faransa. Nutsewar Eilat ta kashe duk wata gardama a kan wannan shiri. Da Faransa ta hana a miƙa jirage biyar na ƙarshe saboda takunkumin makamai, sai aka sulale da su daga tashar a daren jajibirin Kirsimeti na 1969. Aka ɗora wa ƙananan jiragen makamin Gabriel da aka ƙera a gida. Amma Gabriel na tafiyar kimanin kilomita 20 ne kawai, rabin zangon Styx, wato dole jirgin Isra'ila ya ratsa wani fili da za a iya harbinsa shi kuwa bai isa ya rama ba. Injiniyoyinsu suka duƙufa a kan raunin Styx, wato idon radar da ke goshinsa. Suka samar da na'urorin da ke rikita shi, da rokokin da ke watsa siraran zaren alminiyam a sama, waɗanda makamin ke ɗauka jirgi ne ya bi su ya faɗa ruwa.

An ga sakamakon a yaƙin Oktoban 1973. A daren 6 ga wata, daura da tashar Lataƙiya ta Siriya, ƙananan jiragen Isra'ila suka nutsar da jiragen Siriya biyar, uku daga ciki masu ɗauke da Styx. Bayan kwana biyu, daura da Baltim a gaɓar Masar, suka nutsar da uku daga cikin jirage huɗu na Masar da suka fito. An harba musu Styx da dama, babu wanda ya same su. Masar da Siriya sun fito da makamin 1967 da dabarar 1967, suna sa ran sakamakon 1967.

Domin adalci, a dubi abin da ya faru a kan tudu a wannan makon. A can Masar ce aka wulaƙanta a 1967, kuma a can ne ta yi nazari. Ranar 6 ga Oktoban 1973 sojojinta suka tsallake mashigin Suwez, suka rusa ganuwar yashi ta Bar-Lev da famfunan ruwa masu ƙarfi, suka kare kansu da makamai masu linzami na kakkaɓo jiragen sama da na fasa tankoki. Isra'ila, wadda nasarar kwana shida ta sa ta ɗauka babu mai iya taɓa ta a kan tudu, aka shammace ta, ta yi asarar tankoki da jiragen sama masu yawa a kwanakin farko. Ƙasashe biyu, yaƙi ɗaya, kowacce ta yi bajinta a fagen da aka taɓa kunyata ta, kowacce ta yi tuntuɓe a fagen da ta taɓa yin biki. A ganina wannan ya isa hujjar cewa matsalar ba ta jinsi ba ce ko ta addini ko ta jarumtaka. Kaye kan tilasta wa shugabanni su saurari ƙaramin hafsan da ke cewa akwai gyara. Nasara kuwa kan ƙara wa waɗanda suka yi ta girma, su zama su ne masu yanke hukunci, kuma da wuya mutum ya yarda cewa hanyar da ta kai shi kujera ta tsufa.

Lamarin bai zama tarihi ba tukuna. A watan Afrilun 2022, Moskva, jagoran jiragen yaƙin Rasha a Bahar Aswad, ya nutse. Yukren ta ce makamanta masu linzami biyu ne suka same shi, Rasha ta ce gobara ce. Daga ƙarshen 2023 kuma 'yan Houthi na Yaman suka riƙa kai wa jiragen ruwa hari a Bahar Maliya da makamai masu linzami da jirage marasa matuƙa, har manyan kamfanonin sufuri suka koma zagayawa ta kudancin Afirka. Distiroyoyin Amurka da na Birtaniya sun kakkaɓo da yawa, amma sau da dama da makaman da kuɗinsu ya ninka na abin da suka kakkaɓo nesa ba kusa ba. Sauron 1967 ya sake kama, ya kuma ƙara araha.

Mu ma a nan muna cikin masu sayen kwance. Thunder da Okpabana, biyu daga cikin manyan jiragen rundunar ruwan Najeriya, tsofaffin jiragen tsaron gaɓa ne na Amurka da aka ƙera a ƙarshen shekarun 1960, aka miƙa mana su a 2011 da 2014. Aradu, wanda aka ƙera mana sabo fil a Hamburg na Jamus ya fara aiki a 1982, ya shafe shekaru masu yawa a ɗaure yana jiran gyara. Ba na cewa tsohon jirgi ba shi da amfani. Wajen sintiri da korar 'yan fashin teku a mashigin Gini, yana iya biyan buƙata. Abin da nake cewa shi ne, duk lokacin da aka kawo kasafin tsaro gaban majalisa, ko aka tara 'yan jarida domin ƙaddamar da wani sabon kaya, akwai tambayoyin da ya kamata wakilanmu da ɗalibanmu su saba yi. Wane abokin gaba aka sayo wannan dominsa? Me ke hannun abokin gaban a yau, me kuma zai iya saya da kuɗi kaɗan gobe? Nawa aka ware domin gyara da horo da na'urorin kariya, waɗanda ba sa fitowa a hoto? Wa ke da aikin gaya wa manya cewa dabarar da ta ci bara ba za ta ci bana ba, kuma me ke faruwa da shi idan ya faɗa?

Zealous ya ceci mutum 500 daga kogunan Soroya domin a 1945 shi ne daidai da zamaninsa. Ƙarfensa da bindigoginsa ba su sauya ba zuwa 1967, duniyar da ke kewaye da shi ce ta sauya, kuma waɗanda suka aike shi gaban Bur Sa'id suna da labarin sauyin. Mutum 47 ne suka biya kuɗin wannan sakaci, kamar yadda matuƙan jiragen Masar da Siriya suka biya nasu bayan shekaru shida. A kowane karo, ƙananan sojojin da ba su da ta cewa wajen sayen makami ko tsara dabara su ne suka shiga ruwa.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.